Alkamar da Zinariya ta Kulle

In ka ce ka zauna a Sabon Ibadan a shekarun alif ɗari tara da tamanin, kuma ba ka taɓa cin alkakin Zinariya ba, to ɗayan biyu ne: ko ba a gayyatarka biki, ko haƙoranka sun riga ka yin murabus. Alkaki ne da za ka gatsa ya ce ƙarmas, cikinsa kuma ya narke, zuma ta biyo maka haɓa kana lashewa ba ko kunyar surukai. Har Yarbawan Mokola sun san shi. Su suka laƙaba mata Iya Alalkaki, wato uwa mai alkaki, sunan da in ta ji sai ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

'Yar Kura ce, can ƙasar Kano. A gaban motar goro aka kawo ta Sabo tana amarya. Waɗanda suka rako ta sun ce ta yi kuka tun daga Kura har gadar Jabba, daga nan ta share hawaye ta fara tambayar direba ko ana samun man gyaɗa mai kyau a kudu. Gajeruwa ce, mai jiki, mai murya. Ba ta fita, amma duk layin ya san lokacin da ta tashi daga barci. Mijinta Malam Babandi falken goro ne, dogon mutum mai sanyin magana, wanda in ya sa hannu a aljihu sai ya fito da wani abu ya ba wani. Shekara talatin suna tare, ita tana ƙullewa, shi yana kwancewa.

Kada ka ce marowaciya ce. A'a, wallahi. In ka shiga gidanta sai ka fito da alkaki ƙulle a takarda ko ba ka tambaya ba. Ciwonta guda ne: tsoron baki. Zinariya ta yi imani da kambun baka fiye da yadda ta yi imani da cewa gobe rana za ta fito. In ka yaba alkakinta ba ka ce tubarkalla ba, sai ta biyo ka har bakin zaure tana cewa, "Dawo ka faɗa! Dawo ka cike maganarka!" In ta yi sabon zane sai ta wanke shi sau uku ya koɗe kafin ta ɗaura. In za ta kwaɓa alkaki kuwa, kowa waje, ta saki labule. Za ta ba ka abu da hannu biyu, amma ba za ka taɓa ganin inda ta ɗebo shi ba.

Maza huɗu ta haifa a jere, sannan Allah ya ba ta mace tilo, autarta Murja. Tun yarinyar tana goye Zinariya ta ɗauki alkawari, kuma wannan kaɗai ne sirrin da ta kasa riƙewa. Kowa ya ji shi.

"Na yi wa 'ya'yan mutane gara har hannuna ya yi kanta," in ji ta. "Ranar ta Murja, fanteka ashirin na alkaki zalla. Ashirin! Sai dangin miji sun nemi inda za su ajiye sun rasa."

Tana faɗa, sai ta tuna da baki, ta tofa a cikin rigarta.

To ana nan, a tamanin da bakwai, gwamnati ta hana shigo da alkamar waje. Ka ga tashin hankali! Burodi ya ƙanƙance, funkasau ya zama labari, a kasuwar Bodija in ka tambayi alkama sai a dube ka kamar ka tambayi ƙwan zaki. Kaskon Zinariya ya yi sanyi. Ta gwada alkakin masara sau ɗaya. Malam Babandi ya gatsa, ya dafe muƙamuƙi, ya ce a adana sauran a bayan ƙofa saboda ɓarayi.

Kuma a daidai wannan marra aka sa ranar Murja da Zailani, wani tela mai shago a Mokola, yaro mai hankali da ita kanta Murjar ta kawo. Aka sa rana ƙarshen damina mai zuwa. Zinariya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Gara ba alkaki? A gidan Iya Alalkaki? Gara a ce mata ta mutu.

Sai ta tuna yayanta na Kura yana noman rani, alkama yake yi. Da Malam Babandi zai tafi Kano da lodin goro, ta zaunar da shi ta yi masa karatu dalla-dalla.

"Malam, buhu goma. Ka lulluɓe su da ganyen goro. Ka sa a sauke ta ƙofar baya. Ko kaza kada ta gani."

"To, Zinariya."

"Kada ka ce min to. Maimaita."

Ya maimaita tsaf. Bayan kwana goma sha biyu, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, da la'asar sakaliya, lokacin da duk mazan layin ke zaune a ƙofar gida, sai ga mota ta shigo tana ham-ham, Malam Babandi a gaba yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga Makka. Buhu goma a baya tsirara, ko tsinken ganye babu. Kafin a sauke na uku an cika ƙofar gidan. Wani ya ce, "Malam, alkama ce?" Shi kuwa bawan Allah ya ce, "Ita ce, ta Kura, jar nan." Daga cikin gida Zinariya tana jin komai, tana cizon gefen mayafi.

Bai tsaya nan ba. Ya dubi jama'a, ya tuna azumi ya ƙarato, zuciyar tasa ta motsa. Ya sa wuƙa ya farke buhu biyu a zaure. Gida-gida aka riƙa aiko da kwano yana aunawa yana cewa, "A kai wa masu ɗaki, a yi funkasau." Gida goma sha huɗu suka samu. Zinariya tana leƙe ta kafar ƙyaure tana ƙirga kwanukan, duk wanda ya fita sai ta ji kamar tsokar jikinta aka yanka.

Kwana tara ba ta yi masa magana ba. In zai fita ya ce sai na dawo, sai ta amsa wa bango. Miyarsa kuwa, yau ba gishiri, gobe gishiri zalla. Da ya gaji ya ce, "Haba Zinariya, takwas ba su isa ba?" ta ce wa tukunya, "Ki gaya masa biyun nan su ne fanteka huɗu na 'yata da ya rabar a titi."

Takwas ɗin da suka rage ta sa 'ya'yanta maza suka shigar mata ƙurya, wani ɗan ɗaki mai duhu da ya ba kwata baya. A kan siminti aka jibge su, jingine da bango. Ta lulluɓe da leda, ta ɗora tsofaffin zannuwa, ta cusa tsumma a 'yar tagar da ke sama don kada ido ya leƙa. Ta ja ƙofa ta datse da kwado biyu, ta ɗaura mabuɗan a ƙugu. Ta koma ta zauna tana murmushi ita kaɗai.

Washegari aminiyarta Huseina ta shigo. Huseina haifaffiyar Sabo ce, uwarta ma a nan aka haife ta, Yarbanci a bakinta kamar ruwa, tsokana kuma ita ce abincinta. Katanga ɗaya ta raba su da Zinariya.

"Eku ishe, sannu da aiki, matar mai alkama! Mun ga alheri, Allah ya ƙara buɗi. Sauran fa? Kin ɗora su a kan katako?"

"Wane saura?" in ji Zinariya, ido ƙyar. "Ai na wani Alhaji ne, ajiya ya bayar, ya zo ya kwashe abinsa."

"Ya kwashe? Ta sama ya bi da su?"

"Ke dai kika sani."

Huseina ta dubi ƙofar ƙurya da kwadonta biyu sababbi fil, ta dubi ƙugun aminiyarta da ke ƙara kacau-kacau. Ta ce, "To. In Alhajin nan ya sake kawo ajiya, ki gaya masa nan ba Kura ba ne. Garin nan ko dutse ka ajiye a ɗaki sai ya fito da gemu. A ɗora a kan katako, a janye daga bango, a bar iska ta shiga, in rana ta leƙo a baza a tsakar gida."

"A baza a tsakar gida! Kowa ya gani?"

"Au, ashe akwai."

"Babu!" in ji Zinariya. "Kuma ko da akwai, ni za a koya wa alkama? A rumbun babana sai ta shekara biyu tana ƙara kyau. Cikinta aka haife ni."

Gaskiya ta faɗa, a nan kuma ta faɗi. Cikin alkama aka haife ta, amma a ƙasar da iska ke busar da wanki kafin ka juya. A Ibadan ta ga funfuna a takalmi, ta gani a tabarma, ta gani a bango, amma ba ta taɓa ganinta a alkama ba, don alkama ba ta taɓa yin kwana bakwai a hannunta ba. Mudu-mudu ake sayo mata daga Bodija, ta barza, ta soya, ta sallama. Wannan ne karon farko da ta yi ajiyar damina.

Ruwa ya sauko. Wanda ya san ruwan Ibadan ya san ba ya sallama, ba ya ban kwana. Ya yi na safe, ya yi na rana, ya huta ya sha iska, ya dawo. Kwata ta cika ta jiƙa gindin bango. Zinariya ko a jikinta. Ba ta buɗe ƙuryar ba ko sau ɗaya, wai kada Huseina ta ji ƙarar kwado ta katanga. Kullum da safe in ta wuce sai ta ɗan bubbuga ƙofar da tafin hannu ta ce, "Kuna nan dai ko?" ta wuce tana rangaji. An rufe ƙofa da ɓarawo, ita kuma tana gaishe shi kowace safiya.

Wajen wata na huɗu Malam Babandi ya fara shaƙar hanci.

"Zinariya, anya ɓera bai mutu a gidan nan ba?"

"Kwata ce."

"Kwata ba ta irin wannan warin."

"To bunsurun gidan su Huseina ne. Ka je ka yi da shi."

Saura kwana shida biki, ranar wata Asabar da hantsi, Zinariya ta yi wanka ta ci kwalliya kamar mai zuwa suna. Ta rufe ƙofar gida, ta kira Murja. "Zo ki ga abin da uwarki ta tanadar miki." Ta kwance mabuɗai, ta yi bisimilla, ta tura ƙofa.

Wani zafi ne ya fara bugo su, sannan wari mai shiga maƙogwaro. Zinariya ta yi atishawa goma sha ɗaya a jere. Ta yaye zannuwa, zannuwan suka biyo hannunta a yayyage. Ta ɗaga leda, ruwa ya tsiyayo. Buhunan sun yi baƙi-baƙi da kore-kore, fari kamar auduga ya lulluɓe bakinsu. Na ƙasa kuwa har sun tsiro, 'yan fararen tsirrai sun huda buhu sun leƙo. Ta tura hannu cikin na sama, ta ji ɗumi, ta ciro dunƙule guda a manne, yana fitar da ƙura kore.

Murja ta rufe hanci da mayafi ta ce, "Inna, gona kika yi mana a ɗaka?"

"Na shiga uku!" in ji Zinariya. "Na shiga uku na lalace! Baki ne! Wallahi bakin mutanen layin nan ne!"

"Inna, ai ba wanda ya gani."

"Rufe min baki!"

Amma Zinariya ba ta faɗuwa da wuri. Ta ɗaure ɗankwali tamau, ta tsince ta saman buhu wadda ta fi dama-dama, ta wanke sau bakwai har ruwan ya fito garau. Ta busar a gefen murhu, ta barza a turmi da kanta, ta kwaɓa da nono da mai, ta rufe ya kwana. Washegari ta murza, ta naɗe, ta soya, ta tsoma a ruwan sukari mai kauri, ta ƙara citta da kanumfari don su danne. Kai, in ka ga alkakin nan a faranti sai yawunka ya tsinke. Ja-ja, yana sheƙi, ba za ka ce wani abu ya same shi ba.

Ta kai wa Malam Babandi da murmushin da rabonsa da gani tun kafin azumi. Bawan Allah ya ɗauka sulhu ne. Ya ci uku, ya ce akwai ɗan ɗaci daga ƙarshe, ta ce citta ce, ya ƙara na huɗu. Kafin azahar ya fara zarya da buta. Azahar ta wuce shi, la'asar ta wuce shi, liman ya aiko a ji ko lafiya. Kajin da aka watsa wa tsakin suka yi cirko-cirko a gindin bango, ido a lumshe. A zuwa na takwas Malam ya tsaya a tsakar gida, riƙe da tazuge, ya ce da muryar da ba ta fita sosai, "Zinariya, ki ji tsoron Allah ki gaya min me na ci."

Ta buɗe masa ƙurya. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Innalillahi," ya juya da gudu ya koma inda ya fito.

Litinin da safe ya lallaɓa ya ɗebi alkamar a ƙyalle ya tafi Bodija wurin Alhaji Mika'ilu, tsohon dillalin hatsi da ya shekara arba'in a kasuwar. Da azahar ya dawo ya zube a tabarma.

"Me ya ce?" in ji Zinariya.

"Ya ce ko da sabulu kika wanke. Ya ce abin da ido ke gani shi ne ƙarami, dafin ya riga ya shige cikin ƙwaya, wanki ba ya fitar da shi, wuta ba ta kashe shi. Ya ce ni da nake ƙato na sha da sauƙi. Yaro ko mai ciki, sai abin da Allah ya yi. Ya ce ko akuya kada a ba, a kai bayan gari a ƙone."

"To wata fa? Ka nemo wata?"

"Na zaga Bodija rumfa-rumfa. Na hau mota na je kasuwar Shasha. Ko ta magani babu. Kano kuwa, kafin in je in dawo an kai amarya."

Zinariya ta shiga ɗaki ta zauna gaban farantin jiya. Saura alkaki goma sha biyu, suna ta sheƙinsu. Nan shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ita ya miƙe ƙafa. Wa zai sani? Ido ba zai gane ba. A ƙara sukari, a ƙara kanumfari. In ciki ya murɗa wa wani, ai a biki ne, za a ce shinkafa ce. Ta lumshe ido ta hango fanteka ashirin a jere kan 'yan mata, layi guda tun daga ƙofar gida har bakin titi, ana guɗa, ana cewa Zinariya ta cika alkawari. Shekara goma sha tara tana kallon wannan layin a zuciyarta, kuma tana son sa, so na gaske.

Sai kuma ta bi fantekun da ido har inda za su. Gara ba a gida ɗaya take tsayawa ba. Dangin ango za su raba ta kwano-kwano, gida-gida. Yara ne za su fara wawasa. Akwai yayar Zailani mai tsohon ciki. Akwai ita kanta Murja, da za a ajiye wa nata a ɗaki ta riƙa ci da safe. Tsoro ya kama ta, tsoron kanta da kanta. Ta ɗauki farantin ta fita ta juye a murhu.

"Ba da hannuna ba," in ji ta. "Malam, nemo masu amalanke."

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buhu takwas ba sa fita daga gida a Sabo a ɓoye, balle masu wari. Da la'asar, daidai irin lokacin da suka shigo, suka fita ɗaya bayan ɗaya, masu amalanke sun ɗaure hanci da ƙyalle suna tsaki da Yarbanci. Maza suka miƙe daga benci. Mata suka hau turame suna leƙe ta katanga. Wata ta ce, "Ashe Alhajin bai kwashe ajiyarsa ba!" Layi ya ɗauki dariya.

Huseina ta shigo ko sallama ba ta iya ƙarasawa ba. Ta dubi ƙurya, ta dubi tsirran da suka zube a ƙasa, ta zauna daɓas a tsakar gida tana riƙe ciki.

"Wayyo Allah, Zinariya! Na ce gemu, ke kuma kika yi masa har da saje! Pele o, sannu! Da kin bari wata ɗaya ai da mun zo girbi!"

"Huseina, fita min daga gida."

"Ina zan iya tashi? Wayyo cikina!"

Zinariya ta so ta yi zagi, sai dariya ta kufce mata, ta yi ta yi har da buga cinya, daga nan kuma dariyar ta juye kuka, kuka sosai irin na wadda aka yi wa mutuwa. "Na yi ƙarya, na yi rowa, na tashi a tutar babu. 'Yata za ta shiga gidan miji ba alkaki. Ni! Da wane ido zan kalli mutane?" Huseina ta daina dariya. Ta gyara mayafi ta fita.

Talata da hantsi Zinariya tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ta ji sallama. Huseina ce, ɗauke da kwalla baƙa ƙirin da hayaƙi. Ta dire a gabanta ta buɗe. Alkama ce ja, busasshiya, tana ƙara in an motsa.

"A ina kika samu?" in ji Zinariya.

"Taki ce. Wadda Malam ya auna mana a zaure. Na yi funkasau da rabi, na rataye rabi a saman murhu. Duk ranar da rana ta fito sai na baza ta a faifai a tsakar gida, kaji na gani, maƙwabta na gani, har bunsurun da kike zagi yana gani. Na ce in ajiye in yi miki gudummawa ranar bikin Murja, don in ba ki haushi."

Ba ta rufe baki ba aka sake sallama. Ashe tun jiya Huseina ta bi gidajen nan goma sha huɗu. Abin da aka daɗe ba a gani ba, ba mai cinye shi tas. Kowace mace ta rage ɗan wani abu saboda baƙo ko haihuwa. Wannan ta zo da gwangwanin madara, waccan da ƙullin zane, wata da kwanon sha. Kowacce in ta juye sai ta ce, "Ga alkamarki, Zinariya." Daga ƙarshe Inna Mas'uda, tsohuwar da ke ƙarshen layi, ta shigo tana dogara sanda, da ɗan kofi guda. Ta ce, "Na ajiye ne don kunu in ciwo ya kwantar da ni. To bai kwantar da ni ba. Karɓi."

Zinariya ta sa hannu cikin tarin, ta damƙo, ta sake. Ta san ta. Jar alkamar Kura ce, ta gonar yayanta, ita ce wadda ta yi gabar kwana tara a kanta. Kunya ta rufe ta, daɗi ya rufe ta, ta rasa wanne za ta fara ji. Ta ɗaga kai ta hango Malam Babandi a bakin zaure, ya rame ya yi zuru-zuru, yana gyaran murya.

"Dama masu iya magana sun ce alheri danƙo ne..."

"Malam, in ka ƙarasa karin maganar nan, wallahi sai na sake soya maka irin na shekaranjiya."

Mata suka kwashe da shewa, Malam ya ja da baya yana dariya.

A ranar aka barza, aka kwaɓa. Zinariya ta miƙa hannu za ta saki labule kamar yadda ta saba, sai ta tsaya, ta yaye shi gaba ɗaya ta jefa kan igiya. A tsakar gida ta kwaɓa, mata goma sha huɗu a kanta, suna ganin yawan nonon da take zubawa da inda take sa kanwa, sirrin da ta shekara talatin tana ɓoyo. Huseina ta ce, "Au, dama wannan ne kawai?" Zinariya ta ce, "Gwada mu gani." Huseina ta naɗa ɗaya ya fito kamar ƙadangaren da mota ta taka, aka yi ta dariya har maƙwabta na tambaya ko an fara bikin ne.

Fanteka uku aka samu, na ukun ma bai cika ba.

Ranar kai gara, wata gwaggon ango mai baki ta buɗe fantekun, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ce da ƙarfi don a ji, "Uku? Ina ashirin ɗin da muke jin labari tun yarinyar tana goye?" Huseina ce ta jagoranci masu kai gara, kuma Zinariya ta riga ta ba ta saƙo. Huseina ta ce, "Uwar amarya ta ce a gaya muku, goma sha bakwai ta kulle su ta kashe da hannunta. Ukun nan kuwa ku ci da bisimilla, ku ba yaranku, ba abin da zai same su." Gwaggon ta gatsa ɗaya, ta tura biyu cikin jaka tana waige.

Bayan biki da kwana biyu Zinariya ta sa aka kira kafinta. Ta ce ya cire ƙofar ƙurya. Ya ce gyara za a yi? Ta ce a'a, kwantar da ita za ka yi a kan bulo huɗu, nesa da bango. Ya fasa tagar kuma ya ƙara mata faɗi. Tun daga ranar, duk buhun da ya shigo gidan a kan ƙofar nan ake ɗora shi, kwadunan biyu suna reto a gefe. Wanda ya shigo tsakar gida yana hango komai.

Tsoron baki dai bai sake ta duka ba, kada in yi mata ƙarya. Har ta tsufa in ka yaba alkaki ba tubarkalla sai ta biyo ka zaure. Bayan 'yan shekaru aka buɗe hanyar alkamar waje, Bodija ta cika, amma ita ta Kura take so, kuma duk shekara Malam Babandi yana kawo mata bayan girbin rani. Yanzu ita ke cewa direba ya danna ham tun daga kwanar layi. Buhun farko ba ya wuce zaure. Ita da kanta take zama a bayan labulen zaure da mudu, mabuɗai biyu na ƙara a ƙugunta, ana miƙo kwanuka tana aunawa. In an ce an gode, sai ta ɗaure fuska.

"Godiyar me? Ba kyauta ba ce. Ajiya na ba ku, ni ban iya ba."